Ranar da Bi Mboja Ta Ɗaure Ruwa a Teku

A tsibirin Jibondo, duk wanda ya bi ta bakin teku da safe, lokacin da ruwa ya janye, zai tarar da Bi Mboja 'yar Fundi Shomari tsugune a ƙarƙashin jirginta, ta ci ɗamara da zane, tana kankare gansakuka da ɓawon kwakwa. In ta kankare wuri sai ta ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa, ta kasa kunne kamar mai sayen tukunya. Katakon da ya amsa da ƙarfi ta wuce shi. Wanda ya yi mata ƙarar rami kuwa, ranar ba mai ganin haƙorinta.

Ubanta ne ya sassaƙa jirgin, irin wanda ake kira mashua, mai tanga ɗaya, wato babban ƙyallen nan da iska ke turawa, da jigo ɗaya, dogon itacen da ake ɗaura ta a kai, ya raɗa masa suna Tawakali. 'Ya'yansa maza duk ba su yi rai ba, saboda haka ita ta tashi tana murza masa auduga da man kwakwa yana cusawa tsakanin katako da katako. Ita ke dama farar ƙasa da kitse a shafe cikin jirgi don tsutsar teku. In sun fita suka ɓace wa idon gari, yakan ɗora hannunta a kan sandar tuƙi ya ce, "Kada ki dubi ruwa, dubi bakin tanga." Da sun hango kukokin gari sai ya karɓe abinsa, don mace ba ta shigowa da jirgi.

Cikin ma'aikatan uban akwai wani Mikidadi, dogo, mai surutu, wanda in iska ta yi ƙarfi kowa na salati shi dariya yake. Ita da bakinta ta ce shi take so. Suka yi aure, suka haifi 'ya ɗaya, Tatu. Da tsohon ya cika, jirgi ya zama nata, Mikidadi ya zama nahodansa, shi ke da tuƙi da ba da umarni a teku. To, ƙarfe biyu ne suka haɗu. Saki na farko a kan tanga ne, da ya yage ta garin tsere da wani jirgin mutanen garin Kilwa. Na biyu a kan igiyar anka, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa don ya tsayar da jirgi. Na uku kuwa har yau ba wanda ya san takamaiman dalilinsa, su kansu kowa da abin da yake faɗa. Igiyar aure dai ta tsinke, babu kome.

Ta gwada wasu nahodoji biyu. Ɗaya ya hau mata da jirgi kan dutse, ɗaya kuma da iska ta ɗan motsa sai ya ce cikinsa na ciwo. Wata safiya ta fito ta tarar da Mikidadi zaune a kan jirgin yana kitsa igiya. Bai ce mata ba, ba ta ce masa ba. Haka suka ci gaba shekara da shekaru, ba miji ba mata, ba kuma mai iya rabuwa da wani.

"Mai jirgi, ina kwana?" in ji shi. "Yau kuma wane katako ne ya yi miki rashin kunya?"

"Wanda ka goga a dutse jiya ka yi shiru, Nahoda."

"Ni? Dutsen ne ya taso ya same ni."

"To gobe ka gaya masa jirgin na da uwa."

Shekarar da abin ya faru, ruwan sama ya yi rowa. Tsibirin dama ba shi da rijiyar ruwan daɗi, abin da aka tara a tankuna da damina shi ake lallaɓawa, in ya ƙare a ɗebo daga Utende a babban tsibiri. A wannan karon tankuna suka ƙafe tun rani bai yi nisa ba. Jirgin inji da ke jigilar ruwa ya lalace. Manyan jirage sun kai busasshen kifi arewa, iskar kusi kuma, mai tasowa daga kudu, ta zauna daram ta hana su dawowa. Ƙananan kwalekwale ba sa iya ɗaukar abin kirki a irin wannan iska. Mata suka fara dafa rogo da gaurayen ruwan gishiri. Yara suka daina guje-guje, sai kwanciya a inuwa.

Tawakali kuwa yana kan tudu an tokare shi da itatuwa. Bi Mboja ta gano tsutsa ta cinye katako ɗaya a gefen hagu, wajen goshin jirgin, an cire an sa sabo. Zagayen farko kawai aka yi na cusa auduga. Saura na biyu, saura shafe, saura a bar shi ya kwana a ruwa har katakon ya sha ya kumbura ya matse.

Liman Hatibu ya zo da kansa, da dattawa biyu a bayansa. Ya yi sallama, ya tsaya yana shafa jikin jirgin.

"Na san abin da ya kawo ku, Malam," in ji ta. "Ba a fafe gora ranar tafiya. Jirgin nan bai warke ba."

"'Yata, mun sani. Amma yau ko alwala da ruwan teku muka yi. Jaririn gidan Faki tun jiya ba ya kuka, nonon uwarsa ya ɗauke."

Ta dubi sabon katakon, fari sol a cikin baƙaƙe. Mikidadi na gefe yana sakace.

"Nahoda, me ka gani?"

"Tafiya ba wuya, iska na bayanmu. Dawowar ce abin ji. Da kaya, kuma gaba da gaba da kusi."

"Za ka iya?"

"Ni zan iya. Katakonki za ki tambaya."

Ta shiga madafa ta ɗauko gawayi, ta ja layi a jikin jirgin, ƙasa kaɗan da bakin sabon katakon. Ta ce, "Ruwa ba zai wuce nan ba. Ko jarkar wa ta rage, ta rage."

Da ruwa ya kawo da hantsi, maza suka tura jirgi, mata suka yi ta jefa jarkoki a ciki har suka yi tudu, kowace da shaidar mai ita: wata jan zare a hannu, wata tsumma, wata an ƙona mata baƙi da ƙusa. Ma'aikata biyu suka hau, Kombo, ƙato mai ƙarancin magana, da tsoho Nyundo wanda bakinsa ba ya hutawa. Ana shirin ɗaga tanga sai ga Bi Mboja ta kutso ruwa har ƙugu, da ƙunshin auduga da guduma a ka.

"Ina kuma za ki?" in ji Mikidadi.

"Inda katakona za shi."

"Shi ke nan," in ji Nyundo, "yau jirgi na da nahoda biyu. Kombo, ka iya iyo kuwa?"

Tafiya ta yi daɗi kamar yadda aka faɗa. Jirgi fanko, iska a baya, sabon katako na sama da ruwa ko jiƙewa bai yi ba. A Utende aka yi ta cika jarkoki ana saɓowa a kafaɗa. Bi Mboja na tsaye cikin ruwa a gefen jirgi, idonta a kan layin gawayi, tana kallon teku na hawowa a hankali. Da ruwa ya taɓa layin, jarkoki masu yawa na nan jere a kan yashi.

"Ya isa," in ji Mikidadi. "Kombo, bar sauran."

Ta fito ta tsaya a kansu. Matsalar ita ce ta san kowace. Ga mai jan zare ta gidan Faki, an jefo ta da farko don haka ta faɗa ƙasa, ta zo a ƙarshe. Ga biyu na makauniyar bayan masallaci. Ga na wata mai marayu huɗu. Ta hango kanta tana sauka a Jibondo tana miƙa wa waɗannan matan jarka fanko.

"A sa su," ta ce.

Mikidadi ya juyo ya dube ta. "Ke kika ja layin nan da hannunki, Maman Tatu."

"Na sani."

"Ni da kike kira mahaukaci, ni ne yau nake ce miki ya isa."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sa su."

Ya sunkuya ya ɗauki jarka biyu da kansa. Layin gawayi ya nutse, ruwa ya wanke shi.

Sun taso bayan azahar. Muddin suna cikin lungun da tsibirai suka kare, lafiya lau. Da suka fito fili kusi ta tarbe su. Jirgin iska ba ya shiga iska kai tsaye, sai a yi ta yanka, a karkata nan a karkata can. Da suka karkata dama, gefen hagu ya ɗago, sabon katako na shan iska. Bi Mboja ta ɗan saki numfashi. Amma duwatsu suka matso a gabansu, dole a juya. Kombo da Nyundo suka kewayo da tanga ta gaban jigo, jirgi ya kwanta a kan hagu, sabon katako ya shige ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya, taguwar ruwa na dukansa bum, bum, kamar ana sassaƙa turmi.

Ta rarrafa kan jarkoki zuwa goshi, ta zura hannu ta tsakaninsu. Da farko danshi ta ji. Can sai ta ji wani abu mai laushi ya naɗe mata yatsa. Ta jawo, auduga ce, doguwa, jirgi ya tofo ta. Ta sake zura hannu, ruwa ya buge mata tafi da sanyi.

"Nahoda! Ya buɗe!"

"Kamar yaya?"

"Tsawon kamu ɗaya. Yana ƙaruwa."

Nyundo ya sauka ramin kwarfa da yankakkiyar jarka ya fara watsa ruwa waje. Ba ya wasa yanzu. Yana kwarfa ruwan na binsa, daga idon sawu ya kai ƙwauri. Wurin yoyon kuma na ƙarƙashin kaya, hannu na kaiwa amma guduma ba ta kaiwa. Jirgi ya yi nauyi, ya daina hawa taguwa, sai dai ya soke ta da kai, ruwa ya zubo ta sama. Jibondo na can, baƙin layi siriri a gaba, ba ta matsowa.

"Kombo, buɗe jarkoki ka zubar!" in ji Mikidadi. "Fara da na goshi."

"Kada ka taɓa!" in ji Bi Mboja.

"Ke, ruwan ko ranmu?"

"Ruwan nan ran wasu ne."

"In mun nutse wa zai kai musu? Kombo, na ce zubar!"

Kombo ya tsaya da jarka a hannu, ya dubi wannan ya dubi waccan. Taguwa ta daki jirgi, jarkar ta suɓuce masa ta faɗa teku, murfinta a rufe. Bi Mboja ta bi ta da ido kamar ɗanta ne ya faɗa. Ta nutse. Sai ga ta ta taso, kafaɗarta kawai a waje, tana lilo tana bin taguwa.

"Ba ta nutse ba," ta ce. Sai ta ɗaga murya. "Baban Tatu, dubi, ba ta nutse ba! Ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba. A zura musu igiya a hannu, a ɗaure da anka a bar su nan. Gobe a zo a ɗauka."

Mikidadi ya waiga sau ɗaya, ya gani. Bai yi gardama ba. A hagunsu akwai wurin da ruwa ya yi kore, alamar ba zurfi. Ya karkata jirgi can, ya sa aka sassauta tanga tana ta faɗaɗa kamar za ta yage.

"Zo ki riƙe nan," ya ce mata. "Riƙe shi kawai, kada ki bari ya ba taguwa gefe."

Ta kama sandar tuƙi. Rabonta da ita tun ubanta na da rai. Sandar na fizgarta kamar akuyar da ba ta son kasuwa.

Maza uku suka hau zura igiyar anka ta hannun jarkoki, suna turawa teku ɗaya bayan ɗaya, har suka yi dogon jere a bayan jirgi kamar carbi. Jirgi ya fara ɗagowa. Da goshi ya yi fili, Mikidadi ya ɗaga anka da hannu biyu ya jefa. A daidai lokacin taguwa ta ja jeren jarkokin baya, igiya ta miƙe tsam, ta zarge masa hannun dama ta matse shi da bakin jirgi.

Bai yi ihu ba. Wani sauti ya yi, irin na saniya in an kayar da ita. Kombo ya zaro wuƙa, Mikidadi ya daka masa tsawa, "Kada ka yanke! Ruwan zai tafi!" Kombo ya jefar da wuƙar, ya rungumi igiyar ya ja da duk ƙarfin da Allah ya ba shi har ta ɗan yi sanyi, Nyundo ya zare hannun. Suka saki, igiya ta bi jarkoki. Yatsu biyu sun murƙushe, jini na zuba a kan katako yana gauraya da ruwa.

Suka jawo shi baya suka kwantar a gefen ƙafarta. Ta cire mayafinta da hannu ɗaya ta jefa wa Nyundo, ya yaga biyu, rabi ya ɗaure hannun, rabi Kombo ya tafi da shi goshi da auduga da guduma. Can aka fara jin ƙwas, ƙwas, yana cusawa.

"Wa zai tuƙa?" in ji Nyundo. "Ni idona ba ya ganin duwatsu, Kombo na can."

"Ga ta nan tana tuƙi, makaho," in ji Mikidadi, haƙoransa a cije. "Koma ka kwarfa. Mboja, ja tanga ta cika."

Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin saki na uku. Ba ta da lokacin jin komai. Ta tura sanda, tanga ta ɗauki iska da ƙara, jirgi ya zabura.

Abin da ya rage shi ne mashigar Jibondo, siririyar hanya tsakanin duwatsu, ga ruwa ya fara janyewa. In sun makara, sai su tsaya a waje da jirgi mai yoyo da mutum mai zubar jini har ruwa ya dawo. Mikidadi ba ya iya ɗaga kai ya ga gaba. Sama yake kallo, da bakin tanga, da yadda jirgi ke motsi a bayansa.

"Kin matse shi da yawa, sake masa kaɗan. Me kike gani a dama?"

"Farin kumfa."

"Nesa ko kusa?"

"Jifa ɗaya."

"Bari sai kin ga kukar masallaci ta daidaita da jigo. Kada ki juya kafin nan, ko me kika gani."

Kumfar ta matso. Tana jin ƙarar ruwa na fashewa a kan dutse, tana ganin baƙaƙen kawunansu na leƙowa in taguwa ta koma. Nyundo ya daina kwarfa ya tsaya yana kallo yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

"Baban Tatu, dutse ne a gabana!"

"Kukar fa?"

"Saura kaɗan."

"To saura kaɗan."

Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. Kuka ta shige bayan jigo.

"Yanzu!"

"Kombo, tanga!" ta yi ihu da wata murya da ba ta san tana da ita ba. Ta kwanta a kan sandar da duk jikinta. Jirgi ya juya a hankali, a hankali, kamar mai shawara. Wani abu ya gurje shi daga ƙasa, ƙurrr, duk suka ji a tafin ƙafarsu. Sai ya wuce. Ruwa ya kwanta, ya zama kore shar, ana ganin yashi.

Rana na gab da faɗuwa suka iso. Mata suka kutso ruwa da zannuwansu, suka yi turus da suka ga wadda ke riƙe da sanda, kai ba mayafi, sannan suka ga jini. Aka ɗauki Mikidadi a kan ƙyauren ƙofa. Ruwan da ya iso bai kai rabi ba, Liman Hatibu ya hana kowa ɗaukar jarkarsa, aka jera su a ƙofar masallaci ana rabawa da moɗa gida gida, aka fara da gidan Faki.

Washegari da iska ta ɗan lafa, kwalekwale suka je wurin. Jeren na nan, amma dutse ya ci igiyar daga ƙarshe, wasu jarkokin sun tafi. An daɗe ana tsintar su a gaɓar tsibiran maƙwabta, ana aiko wa masu su. Yatsun Mikidadi biyu ba su gyaru ba, a asibitin babban tsibiri aka cire su. Jaririn gidan Faki ya rayu. Wata tsohuwa da ta daɗe tana jinya ta rasu a makon, wasu suka ce ƙishirwa ce, wasu suka ce kwana ne ya ƙare.

Gari ya rabu biyu a kan Bi Mboja. Wasu na cewa ita ta ceci mutane, wasu na cewa taurin kanta ne ya ci hannun bawan Allah, da ta tsaya a layinta da an iso lafiya da ruwan da ya fi wanda aka iso da shi. In maganar ta zo kunnenta takan ce, "Na biyun sun fi gaskiya," ta ci gaba da abin da take yi. Duk tsawon jinyarsa ita ke dafa masa romon kifi da kwakwa, Tatu na kai masa. Yakan aiko a ce gishiri ya yi yawa. Kwanon dai fanko yake dawowa. Da ya warke ya koyi riƙe sanda da hagu, ya koma teku. Ita kuwa ba ta ƙara tuƙi ba, ba wanda ya hana ta, ta ce abin da ta gani ya ishe ta.

Yanzu duk sun tsufa. Mijin Tatu ne ke fita da Tawakali, yana kai kifi yana dawowa da kwakwa da rogo, Mikidadi na zama a baya yana gyara masa kuskuren da bai riga ya yi ba. Kwanakin baya surukin ya same su a gindin jirgi, ya durƙusa ya gaishe su, ya kawo shawarar a huda bayan jirgin a ɗaura masa inji kamar na kowa.

"A'a," suka ce, baki ɗaya.

Suka dubi juna, kowa ya ɓata rai, don ba su saba ba.

"Girgizar inji za ta kwance masa ƙusoshi," in ji ta.

"Ba shi ne dalili ba," in ji Mikidadi. "Mai inji ba ya koyon iska, ran da ya mutu masa a tsakiyar teku sai kuka."

"Ƙusoshi dai."

"Iska dai."

Surukin ya jima a durƙushe yana jiran a gama. Da ya ga ba ranar gamawa, ya tashi a hankali ya tafi duba tarunsa.